A ba masu kallo da ƙidayar tsuntsayen bakin teku fili a jarida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani al'amari da ban cika ganin jaridunmu na Hausa suna waiwayarsa ba, wato fita kallon dinyoyin daji da ƙananan tsuntsayen taɓo a dausayin bakin teku da mashigar koguna a lokacin hunturu. Na san da yawa daga cikin masu karatu za su ce wannan sha'ani ne na wanda ya ƙoshi ya rasa abin yi, domin me zai sa mutum mai hankali ya bar shimfiɗarsa da asuba, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, ya je ya tsaya a gaɓar teku yana duban laka? Abin da nake so in nuna shi ne, waɗannan masu tsayuwa cikin sanyi su ne suka tara shaidar da ake kare bakin teku da ita a yau, kuma in ba don littattafan ƙidayarsu ba, da an cike wurare masu yawa da ƙasa an yi gini a kansu ba tare da kowa ya san abin da aka rasa ba.

Sai an fahimci wurin kafin a fahimci tsuntsun. Inda kogi yake shiga teku, gudun ruwa yakan ragu, sai ya ajiye duk lakar da ya kwaso daga tudu, shekara da shekaru, har ta zama fili shimfiɗaɗɗe wanda a wasu wuraren ido ba ya ganin ƙarshensa. Sau biyu a kowace rana ruwan teku yakan cika ya rufe wannan fili, sau biyu kuma yakan janye ya bar shi a buɗe. Wanda ya dube shi daga nesa zai ɗauka kufai ne, babu bishiya, babu ganye, sai toka-tokar laka mai sheƙi. Amma da zai tona tafin hannu ɗaya na wannan laka, da ya tarar da tana, da tsutsotsi, da ƙananan dodon koɗi, da halittu masu ɓawo biyu, da 'yan ƙaguwoyi, cunkushe da juna. Gishirin teku da kaiwa da komowar ruwa suna hana lakar daskarewa da wuri, saboda haka ko a lokacin da tafkuna da gonakin tudu suka zama ƙanƙara, bakin teku yakan kasance a buɗe da abinci. Wannan shi ne dalilin da ya sa tsuntsayen da suka yi ƙwai a can ƙarshen arewacin duniya, inda bazara ba ta wuce 'yan makonni, suke tattaruwa a irin waɗannan wurare daga watan Oktoba har zuwa Maris.

Masana sun raba hanyoyin ƙaurar tsuntsaye gida-gida, kuma wadda ta fi shahara a wannan sashe na duniya ita ce hanyar gabashin Tekun Atlantika. Ta taso daga arewacin Kanada da Girinland ta yamma, da Saibiriya ta gabas, ta haɗe a gaɓar Turai, sannan ta gangaro ta yammacin Afirka har zuwa kudancinta. Kowace mashigar kogi a kan wannan hanya tamkar zango take ga ayarin fatake: in aka rushe zango ɗaya, nisan da ke tsakanin na baya da na gaba yakan fi ƙarfin raunana, sai su faɗi a hanya. Babban zango a Turai shi ne Tekun Wadden, wanda ya ratsa gaɓar Holan da Jamus da Denmak, inda tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 suke bi a kowace shekara, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2009, aka ƙara ɓangaren Denmak a 2014. A Ingila akwai mashigar Wash, wadda takan ɗauki tsuntsayen ruwa fiye da 300,000 a tsakiyar hunturu. A gaɓar Muritaniya kuwa akwai Banc d'Arguin, inda aka ƙidaya tsuntsayen taɓo fiye da miliyan 2 a farkon shekarun 1980, sai tsibiran Bijagos na Gini Bisau da ke biye da shi wajen yawa. Tsakanin Wadden da Banc d'Arguin akwai kimanin kilomita 4,500, kuma akwai tsuntsayen da nauyinsu bai kai giram 200 ba da suke yanke wannan nisa a tashi ɗaya.

Bari in fara da dinyoyi, domin su ne suka fi saurin kama zuciyar sabon mai kallo. Akwai dinya mai ƙafa ruwan hoda, wadda take ƙwai a Ayisland da gabashin Girinland, ta yi hunturu a Birtaniya. Da dare garken yakan kwana a kan tudun yashi ko lakar da ruwa ya kewaye, inda dila ba zai iya kai musu farmaki ba, da gari ya fara wayewa kuma sai su tashi sahu-sahu su nufi gonakin tudu, su yi kiwon ragowar hatsi da dankali da ganyen tushen nan da ake yin sukari da shi. A Snettisham, a gaɓar Wash, mutane sukan taru tun kafin alfijir domin wannan tashi kawai. Da farko kuka ake ji daga cikin duhu, can nesa, sannan ya yi ta ƙaruwa har ya cika sama, kafin ido ya fara tsinkayar layukan da suke wucewa bisa kai, dubu bayan dubu, na tsawon rabin sa'a ko fiye. Wanda bai taɓa tsayawa ƙarƙashin irin wannan garke ba, da wuya bayani ya gamsar da shi, gani ya kori ji. Yawan wannan dinya ya tashi daga kimanin 30,000 a 1950 zuwa kusan rabin miliyan a 'yan shekarun nan, kuma mun san haka ne saboda akwai masu fita su ƙidaya su a wuraren kwanansu a kowace kaka.

Sai ƙaramar baƙar dinya da ake kira birent, wadda girmanta bai wuce na agwagwa ba, kuma ita ce ta fi kowace dinya manne wa gishiri. Masu duhun gashin ciki daga cikinsu suna zuwa ne daga yankin Taimyr na Saibiriya su sauka a gaɓar Holan da kudancin Ingila da Faransa, masu hasken gashin ciki kuma daga tsibiran arewacin Kanada suke tasowa, su ratsa ƙanƙarar Girinland, su yada zango a Ayisland, sannan su sauka a Ayilan, musamman a mashigar Strangford. Abincinsu na asali wata ciyawa ce mai tsiro a cikin ruwan gishiri marar zurfi. A shekarun 1930 wata cuta ta kashe mafi yawan wannan ciyawa a gaɓoɓin Atlantika, ga kuma farauta, har yawan masu duhun gashin cikin ya faɗo ƙasa da 20,000 a shekarun 1950. Da aka taƙaita harbi, su kuma suka koyi kiwo a gonakin alkama da filayen ciyawa na bayan ganuwar teku, sai suka farfaɗo suka ninka sau goma.

A kan wannan dinya akwai wani abu da nake ganin ya fi komai nuna darajar kallo da natsuwa. Dinyoyi sukan yi ƙaura iyali-iyali, uwa da uba da 'ya'yan bana, kuma ba sa rabuwa har ƙarshen hunturun farko. Ɗan bana na birent yana da fararen layuka a gefen gashin fikafikansa, babba ba shi da su. Saboda haka mai kallo da ya zauna da madubin hangen nesa ya bi garke ɗaya bayan ɗaya, zai iya faɗin kashi nawa ne 'yan bana. Da aka tara irin wannan lissafi na shekaru masu yawa, sai aka lura cewa wata shekarar 'ya'ya sukan cika garke, wata shekarar kuma da ƙyar a ga ɗaya cikin ɗari. Dalilin yana can Saibiriya, inda ake da wani ɗan ɓera mai suna lemin, wanda yawansa yake hauhawa ya faɗi kusan duk shekara uku. In lemin ya yi yawa, dilan ƙanƙara yakan ƙoshi da shi ya ƙyale ƙwan tsuntsaye, in kuwa ya yi ƙaranci sai dila ya koma kan sheƙa. Ashe mutumin da yake tsaye a gaɓar Faransa cikin Disamba yana karanta labarin abin da ya faru a dajin da ke nesa da shi da dubban kilomita, wurin da ba zai taɓa takawa ba.

Ta uku ita ce dinya mai farar fuska da baƙin wuya. Waɗanda suke ƙwai a tsibiran Svalbard, can arewa da Norway, kusan dukkansu a wuri ɗaya suke hunturu, wato mashigar Solway da ke iyakar Ingila da Sikotland. A ƙarshen shekarun 1940 ba su wuce 300 ba. Aka hana harbinsu, aka keɓe musu wurin kiwo a Caerlaverock, sai suka yi ta ƙaruwa har suka haura 40,000. Sannan murar tsuntsaye ta faɗa musu a hunturun 2021 zuwa 2022, ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku a 'yan watanni. Masu kallo ne suka fara ganin gawarwaki a kan fadamar gishiri, kuma saboda an san adadin garken kafin annobar ne aka iya auna girman ɓarnar. Ba zan ɓoye cewa yawan dinyoyi yana da nasa nauyin ba, domin manomin da ya shuka ciyawa don tumakinsa, ya wayi gari ya tarar da dubban dinyoyi sun aske ta, yana da hakkin ya koka. A tsibirin Islay na Sikotland gwamnati tana biyan manoma diyya, an kuma ba da izinin rage yawan garken, kuma muhawara a kan haka ba ta ƙare ba. Ra'ayina shi ne mai son tsuntsu da ya raina kukan manomi yana cutar da abin da yake so ne, tun da a gonar manomin tsuntsun yake ci.

Tsuntsayen taɓo sun fi dinyoyi wuyar ganewa, musamman a hunturu, lokacin da suka zubar da jan gashi da baƙin da suke ado da shi a bazara, suka koma toka-toka kusan dukkansu. Mai koyo yakan ruɗe ya ce ai duk ɗaya ne. Shawarar da ƙwararru suke bayarwa ita ce a bar launi a dubi baki da ƙafa da yadda tsuntsun yake neman abinci, domin kowane iri da zurfin lakar da aka halitta masa. Kaliyu, wanda ya fi su girma, yana da dogon baki mai lanƙwasa ƙasa da yake zurawa can cikin ramin tana, kuma bakin macen ya fi na namijin tsawo. Godwit yana da dogon baki miƙaƙƙe. Abuset, mai fari da baƙi, bakinsa sama ya lanƙwasa, yana sharar saman ruwa da shi dama da hagu. Akwai baƙi da fari mai kaurin jan baki, wanda sana'arsa fasa ɓawo ce, wasu da sara, wasu da soka baki tsakanin ɓawon biyu su yanke naman da ke riƙe da shi. Akwai ɗan gajere mai jujjuya duwatsu da tarkacen ciyawa ya kama abin da ke ƙasa. Akwai fari ƙarami mai bin igiyar ruwa da gudu in ta koma, ya gudo in ta dawo. Akwai kuma masu manyan idanu da gajeren baki, waɗanda da gani suke farauta: su ruga, su tsaya cik, su cafke, su sake rugawa. Da haka iri goma suke kiwo a fili ɗaya ba tare da sun cinye rabon juna ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne tsuntsun da ake kira not. A ƙarshen bakinsa akwai jijiyoyi masu jin motsin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, har yakan gane akwai ɓawo a binne tun bai taɓa shi ba. In ya ciro shi ba ya fasawa, haɗiyewa yake yi ɗungurungum, ƙundunsa ya niƙe. Kafin doguwar tafiya yakan tara kitse har nauyinsa ya kusa ninkawa, ƙundun ya ƙanƙance domin rage kaya, in ya sauka kuma ya sake girma. Danginsa godwit mai zanen wutsiya shi ke riƙe da tarihin tashi mafi tsawo da aka taɓa aunawa: a 2022 wani ɗan wata biyar da aka liƙa wa na'urar bin sawu ya tashi daga Alaska ya sauka a Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11, bai sauka ya ci ko ya sha ba.

Ga wanda yake son ya fita kallo, abin da ya fi madubi muhimmanci shi ne jadawalin cika da janyewar teku. In ruwa ya janye, tsuntsaye sukan bazu can nesa, ba a ganin komai sai ɗige-ɗige. Dabarar ita ce mutum ya isa wurin kimanin sa'a biyu kafin cikar ruwa, ya nemi wurin zama rana tana bayansa, ya bar ruwan ya turo masa tsuntsayen. Lokacin cika yakan jinkirta da kimanin minti 50 a kowace rana, kuma cika mafi girma tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan duhun wata da kuma bayan wata ya cika, lokacin da jan rana da na wata suka haɗu a layi ɗaya. A irin waɗannan ranaku ruwa yakan shafe lakar gaba ɗaya, sai dole kowane tsuntsu ya tashi ya nemi tudu. A Snettisham dubun-dubatar not sukan tashi tare su yi ta juyi a sama, in suka ba ka baya garken ya yi duhu, in suka juyo ciki ya yi fari fat cikin ƙiftawar ido, in kuwa shaho ya kutso cikinsu sai garken ya tsage ya sake haɗewa. Kayan da ake bukata ba su da yawa: tufafi masu kauri rufi bisa rufi, abin rufe kai da hannu, takalmin da ruwa ba ya shiga, madubin hangen nesa na hannu, in hali ya yi da babba mai ƙafa uku, da littafi da fensir. Sannan kada kowa ya kuskura ya taka cikin laka don ya matsa kusa, domin a shimfiɗaɗɗen fili ruwa yakan dawo da saurin da ya fi tafiyar mutum, ya kewayo ta baya ta cikin kwazazzabai. A mashigar Morecambe ta Ingila, cikin Fabrairun 2004, ruwa ya cinye ma'aikata 'yan ƙasar Sin fiye da 20 da aka tura tsintar ɓawo da dare.

Yanzu na zo ga abin da ya fi damuna, wato ladabin kallo. Tsuntsun da nauyinsa giram 50 ne, kamar ɗan tsuntsun taɓon da ake kira danlin, a cikin sanyin Janairu yana rayuwa ne a kan lissafi mai tsauri. Yini gajere ne, a Ingila bai kai sa'a takwas ba a ƙarshen Disamba, ruwa kuma yana rufe masa wurin kiwo kusan rabin lokaci, shi ya sa yake kiwo har cikin dare. Sa'o'in da yake tsaye a kan tudu lokacin cika, da ƙafa ɗaya, baki cikin gashi, ba lalaci yake yi ba, tattalin ƙarfinsa yake yi. Duk sa'ad da kare ya ruga cikinsu, ko mai ɗaukar hoto ya matsa don ya sami tashinsu, ko wani ya yi shawagi da ƙaramin jirgi marar matuƙi a kansu, sai su ƙone kitsen da ba lalle su sami damar mayarwa ba kafin dare. Tashi ɗaya ba ya kisa, amma sau goma a yini, kwana bayan kwana, yana kisa, ko da yake ba a gaban wanda ya tashe su za su mutu ba. Ina ganin mai kallon da ya tashi garke don hoto ya fi mai wucewa da bai san komai ba laifi, tun da shi ya san abin da yake yi. Alamar kuwa a bayyane take: in kawuna suka ɗago, kiwo ya tsaya, to an yi kusa da yawa, sai a ja da baya. Tsananin sanyin hunturun 1962 zuwa 1963 ya kashe ɗimbin tsuntsayen taɓo a Turai, kuma a yau dokar Birtaniya ta tanadi dakatar da harbin tsuntsayen ruwa in ƙanƙara ta yi kusan mako biyu a jere. In har mafarauci zai iya ajiye bindigarsa saboda wannan, mai madubi ba shi da uzurin da zai ƙi yin nesa.

Ranka ya daɗe, ga yadda kallo yake zama hujja. A Birtaniya an fara ƙidayar tsuntsayen ruwa a tsare tun 1947, shekara ɗaya bayan masanin tsuntsaye Peter Scott ya kafa cibiyarsa ta kare agwagin daji da dinyoyi a Slimbridge, a gaɓar kogin Severn. Har yau dubban 'yan sa kai ne suke fita sau ɗaya a wata, a rana guda, kowa da yankinsa, domin kada a ƙidaya garke ɗaya sau biyu. A 1967 aka fara ƙidayar ƙasa da ƙasa, wadda ake yi a tsakiyar Janairu, lokacin da tsuntsaye suka fi zama wuri ɗaya, kuma ƙungiyar Wetlands International ce take haɗa sakamakon daga ƙasashe fiye da 100. A ranar 2 ga Fabrairun 1971 aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na Iran, kuma daga cikin ma'aunan da ake bi a ƙarƙashinta akwai biyu da lissafi ne tsantsa: wuri yana da muhimmanci ga duniya in yana ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani iri. Ba yadda za a yi a san wuri ya cika wannan sharaɗi sai in wani ya tsaya ya ƙirga, shekara bayan shekara. Lauyan da zai tsaya a gaban hukuma ya ce kada a cike wata mashiga, lambobin da ke hannunsa daga littafin wani tsohon malami ko wata ma'aikaciyar jinya suka fito, waɗanda suka ba da safiyar hutunsu ba tare da an biya su ba.

Masu son cike bakin teku sukan ce ai tsuntsu yana da fikafikai, in an rufe nan zai koma can. Ƙidaya ta ƙaryata wannan magana. A 1999 aka datse mashigar Cardiff ta Wales aka mai da ita tafki. Kafin datsewar an sa wa wasu tsuntsayen taɓo da ake kira jan-ƙafa, masu hunturu a wurin, zobba a ƙafa, saboda haka aka iya bin su. Sun koma maƙwabtan wurare, gaskiya ne, amma sun tarar da masu wurin, suka rame, mutuwa kuma ta ƙaru a cikinsu. Abin da ya faru a Koriya ta Kudu ya fi wannan muni: a 2006 aka rufe katangar teku ta Saemangeum mai tsawon kilomita 33, laka mai faɗin gaske ta bushe, dubun-dubatar babban not, wani dangin not, da suka saba yada zango a wurin suka ɓace. Masu ƙidaya sun neme su a sauran gaɓoɓin ƙasar ba su same su ba, kuma a Ostireliya, inda suke zuwa in sun bar Koriya, adadinsu ya faɗi. Akwai kuma kaliyu mai siririn baki, wanda ganinsa na ƙarshe da babu gardama a kansa ya kasance a dausayin Merja Zerga na Maroko a 1995, kuma a 2024 masana suka yanke cewa ya ƙare daga doron ƙasa.

Ɗumamar yanayi ma a cikin waɗannan garkuna ake ganin sawunta. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa ƙanƙara tana narkewa da wuri a Taimyr, ƙwari suna fitowa kafin 'yan tsakin not su ƙyanƙyashe, sai su tashi da ƙaramin jiki da gajeren baki. In sun iso Banc d'Arguin, bakin ba ya kaiwa ga ɓawon da ke binne da zurfi, sai su koma cin saiwar ciyawar teku marar ƙosarwa, kuma sun fi masu dogon baki mutuwa kafin su kai shekara. Ga kuma hauhawar ruwan teku, wanda yake matse laka da fadamar gishiri tsakaninsa da ganuwar da mutane suka gina. Duk da haka akwai abin da ke ƙarfafa zuciya. A wasu wuraren an fara fasa tsofaffin ganuwa da gangan domin ruwa ya koma inda yake a da, kamar tsibirin Wallasea na Ingila, inda aka zuba ƙasa tan miliyan 3 da aka tono daga ramin jirgin ƙasa na Landan aka gyara fili, aka buɗe wa teku a 2015, tsuntsaye kuma suka sauka. Irin wannan fadama tana rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai ga gidaje, kuma a cikinta ƙananan kifaye suke girma. Ƙasar Sin ta taƙaita cike gaɓar teku a 2018, kuma wasu sassan lakar bakin tekun Koriya ta Kudu sun shiga jerin UNESCO a 2021.

Roƙona ga jaridarka, ranka ya daɗe, abu uku ne. In tsakiyar Janairu ta zo, a kawo wa masu karatu labarin ƙidayar shekara da abin da ta nuna, a ba shi matsayin labari na gaske, kada a mai da shi abin cike gurbi. In 2 ga Fabrairu ta zo, ranar dausayi ta duniya, a nemi masanin da zai yi bayani da Hausar da kowa zai gane. Sannan duk lokacin da aka kawo rahoton wani babban aikin tashar jiragen ruwa ko cike gaɓar teku a ko'ina a duniya, wakilinku ya yi tambayar da ba a cika yi ba, wato me ke cin abinci a wannan laka, su nawa ne, wa ya ƙidaya su, kuma ina aka tanada musu. Ga masu karatu da karatu ko aiki ya kai su kusa da teku a ƙasashen sanyi, ina ba su shawara su duba jadawalin ruwa, su zaɓi safiyar babbar cika a Disamba ko Janairu, su nemi ƙungiyar masu ƙidaya ta yankinsu, domin a kullum ana neman ƙarin hannu, kuma ba a tambayar mutum takardar shaida kafin a koya masa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Wassalam,
Naka, mai karanta jaridarku a kullum.